Yagewar inci biyar a rumfar Solara

A tsakiyar watan Afrilu, ana tsananin bazara, aka shigo mini da wata Toyota Solara ƙirar 2006 shagona na ɗinkin kujerun mota a Kano. Irin mai buɗaɗɗen saman nan ce, wadda rumfarta ke naɗewa ta koma ta kwanta a bayan kujerar baya. Mai ita wani Alhaji ne da ke ba da hayar motocin biki, kuma wannan ita ce ta gaban goshi a cikin motocinsa, domin ita angwaye ke nema idan za a ɗauki hoto ko a zaga gari bayan ɗaurin aure. Ya nuna mini kusurwar baya ta ɓangaren direba, can ƙasa da inda rumfar ke lanƙwasowa ta haɗu da jikin mota. Yagewa ce mai tsawon inci biyar, ta taho a kwance sannan ta karya ta yi ƙasa.

"Malam, ɗan abu ne kaɗan," in ji shi. "Ka kama mini ita yau, ranar Asabar tana da biki."

Na ce, "Alhaji, ka bar ni in ga cikinta tukuna. Abin da ke waje shi ne ƙaramin labarin."

Kafin ta zo wurina an riga an taɓa ta sau biyu. Direban ya ce da farko ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, sai ya sayi supa gulu ya ɗiga a bakinta. Da ta ƙara buɗewa ya kai wa mai faci, shi kuma ya yanko tsohon tib ɗin taya ya manna daga waje da solushon. Facin bai yi mako ba ya ɓantare, aka bi da baƙin salatif. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Supa gulu idan ya shiga saƙa yana bin zaren ya sandare kamar gilashi, don haka duk lokacin da aka naɗe rumfar, wurin da ya sandare ba ya lanƙwasuwa, sai ya karye, ya ja lafiyayyen yadin da ke gefensa. Na taɓa bakin yagewar da ɗan yatsa, na ji shi da kaifi kamar ɓawon gyaɗa. Ba na ganin laifin direban. Abin da ya sani ya yi, kuma yana tsoron faɗan maigida ne.

Abu na farko da na so in tabbatar shi ne irin yadin. Rumfar waɗannan motoci kashi biyu ce. Akwai ta leda mai kauri, wato roba ce aka shimfiɗa a kan saƙa, tana da santsi da ɗan sheƙi. Akwai kuma ta yadi, wadda idan ka duba bakin yanka za ka ga hawa uku: saƙa a waje wadda aka rina zarenta tun kafin a saƙa don kada rana ta kashe launin da wuri, siririn shimfiɗin roba a tsakiya, sai wata saƙar a ciki. Robar tsakiyar ita ce ke hana ruwa shiga, saƙar waje aikinta kare robar daga rana. Kamfanin Haartz da ke garin Acton a jihar Masacusets ta Amurka shi ya yi fice wajen yin irin wannan yadi, da sunaye irin su Stayfast da Twillfast, motocin Jamus kuma an san su da wanda ake kira Sonnenland. Bambancin yana da muhimmanci saboda gam ɗin da ke kama leda yana yi ne ta hanyar ɗan narkar da ita, a kan yadi kuwa ba shi da abin narkarwa. Ta Alhaji ta yadi ce, hawa ukun duk suna nan a bayyane.

Na biyu, ko yadin yana da sauran rai. Babu amfanin maho a jikin rigar da ta riga ta mutu, allura na shiga za ta buɗe wata sabuwar ɓaraka. Na nemi wurin da ke ɓoye a ƙarƙashin kalmasa na soka allura na ɗan ja, ya riƙe. Na kankari zaren ɗinkin kamfani da farce a wurare uku, bai zama gari ba. Na danna babban yatsa a tsakiyar rufin inda rana ta fi duka, ya koma yadda yake. Launin ya koɗe daga baƙi ya koma kamar toka mai duhu, amma jikin yana nan. Da zaren ya rududduge a hannuna da a take zan gaya wa Alhaji ya daina ɓata kuɗinsa.

Sai na uku, wanda shi ya ɗauke mu rabin yini. Yadi irin wannan ba ya yagewa haka kawai a wurin da babu wanda ya sa masa wuƙa. Muka zare sakatun gaba guda biyu, direban ya danna maɓalli a hankali, na ce ya tsaya da rumfar ta kai rabin hanya. Muka tokare ta da katako da muka naɗe da tsumma. Na sa yaron shagona ya kwance silin ɗin ciki ta wannan kusurwa, na zura kai da tocila. A nan gizo ke saƙar. Rumfa tana tafiya ne a kan ƙarafuna masu gaɓoɓi da ke haɗewa kamar almakashi idan ana naɗe ta, kuma akwai maɗaurai na roba mai talewa da ke janye yadin daga bakin gaɓar a daidai lokacin da take rufewa. Maɗaurin wannan ɓangaren ya saki gaba ɗaya, ya zama kamar tsohon lastik ɗin wando, yana reto. Ke nan duk naɗewa yadin yana faɗawa cikin gaɓar, ƙarfe ya tauna shi. A kan wani noti kuma akwai ɗan ƙyallen da aka lulluɓe kansa da shi, ya cinye, kan notin ya fito tsirara. A cikin yadin, daidai inda yagewar ta faro, ga tabon tsatsa zagaye kamar girman kwabo. Na kira Alhaji na ce ya sa hannunsa ya ji. Da ya taɓa notin bai sake cewa ɗan abu ne ba.

Muka leƙa ɗaya ɓangaren, maɗaurin can ma ya kusa, kuma yadin ya fara sheƙi a wurin da ake gogarsa. Wata biyu ko uku da can ma ya buɗe.

Da na zauna da direban na ji sauran labarin. Masu kwalliyar motar biki suna soka fil a rumfar don su kafa ribon da furanni. Abokan ango suna hawa su zauna a kan naɗaɗɗiyar rumfar a yi musu hoto, nauyinsu yana danne yadin a kan ƙarafunan da ke ƙasa. Ana wanke ta da Omo da buroshi mai ƙarfi, wanda ke kankare maganin da ke sa ruwa ya zame daga saƙar. Kuma motar kwana take a waje, ta sha ƙurar hunturu wata uku. Ƙurar nan idan ta shige cikin saƙa, duk naɗewa tana aiki a ninkin kamar samfefa. Motar an ƙera ta ne a Jojtawun da ke jihar Kentaki, a kan ginin Camry, shi ya sa kayan injinta mai silinda shida ba sa wuyar samu a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Rumfar ce marainiya. Toyota ta daina yin Solara tun 2008, kuma babu wanda ke ajiye rumfarta a kanti a garin nan.

Hanyoyi uku na shimfiɗa wa Alhaji. A yi odar sabuwar rumfa daga waje tare da gilashinta na baya, a biya da dala, a jira makonni, sannan a yi yini guda ko fiye ana ɗaurawa. Ko a sauke wannan gaba ɗaya a canza fallen kusurwar a kan keken ɗinki, wanda ya fi kyau a ido, amma sauke tsohuwar rumfar da zafi ya riga ya tsuke ta kasada ce, tana iya ƙin komawa mazauninta. Ko kuma a yi maho tana ɗaure a jikin motar. Wani abokinsa da suka zo tare ya kawo ta huɗu, wai a kai wa masu ɗinkin tamfol ɗin a-daidaita-sahu su ɗinka sabuwa baki ɗaya. Mutanen nan gwanaye ne, wasunsu tare muka koyi aiki, amma tamfol ɗinsu an yi shi ne ya zauna a shimfiɗe wuri guda. Ba zai jure naɗewa a cikin ƙaramin ramin da ke bayan kujera ba, kuma gilashin bayan Solara manne yake da yadin, ba ɗinka shi aka yi ba. Alhaji ya zaɓi maho. Na ce masa to Asabar ɗin nan sai dai ta fita a rufe, ba za a naɗe ta ba, in ba haka ba ya nemo wa angon wata motar. Ya yi shiru, ya ce zai ba su wata.

Samun ƙyallen mahon shi ya ci ranar farko. Na aika yarona wurin masu yanka tsofaffin motoci, ya dawo da yamma da wani falle daga rumfar wata BMW da ta yi haɗari. Yadi ne mai hawa uku, baƙi, ya ɗan fi na Solarar kauri. Muka wanke shi da sabulu marar ƙarfi muka shanya a inuwa.

Washegari da sassafe na fara da abin da na fi ƙi, wato yanke lafiyayyen abu. Duk inda supa gulu ya sandare sai da na bi da reza na cire, domin allura ba ta ratsa shi kuma gam ba ya kama shi. Da na gama, bakin biyu sun daina haɗuwa, an sami tazara kamar faɗin ashana biyu a tsakiya. Ƙarshen yagewar ta kowane gefe na zagaye shi da almakashi ya zama ɗan rami, saboda yanka mai tsini yana ci gaba da tafiya, zagayayye kuwa yana tsayawa. Ragowar solushon da danƙon salatif muka goge da sifirit a kan farin tsumma, kaɗan kaɗan. Yaron ya miƙo mini tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, don ya fi sauri, na ce ya mayar. Tina da fetur suna ratsa saƙa su cinye robar tsakiya, ka gyara inci biyar ka ɓata faɗin tafin hannu.

Muka sauke rumfar ta kusa rufewa, saura kamar taƙi guda tsakaninta da gilashin gaba, yadda yadin zai miƙe amma ba a ɗame ba. Wannan ma'aunin da ido ake yin sa. Idan ka yi maho tana sake sosai, ana kulle sakata zai ja ya yi tattara. Idan ka yi tana ɗame, bakin ba zai matso ba. Na jera bakin yagewar na riƙe su daga waje da tef ɗin takarda irin na masu fenti. Mahon ciki na yanka shi ya zarce yagewar da inci biyu ta kowane gefe, na zagaye kusurwoyinsa, domin kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa.

A nan na yi kuskure, kuma ya ci mana rabin ƙyallen. Na yanka mahon farko ba tare da na duba tsayuwar saƙar ba. Yadi yana da inda yake talewa da inda ba ya talewa: tsaye da kwance yana da tauri, a karkace kuwa yana bayarwa. Na shafa gam na manna, muka gwada jan rumfar zuwa sakata, sai ga wani ninki ya taso daga gefen mahon ya nufi gilashin baya, domin rumfar tana ja ta nan, mahon yana bayarwa ta can. Na ɓare shi tun gam bai gama kamawa ba, muka sake gogewa, na ɗora ƙyallen a kan rumfar daga waje na juya shi har layukan saƙarsu suka hau kan juna, na yi alama da alli, sannan na yanka na biyu. Shekara da shekaru ina yin wannan a kujera ba tare da tunani ba, ranar nan hankalina yana kan Asabar ɗin Alhaji.

Gam ɗin da na yi amfani da shi irin wanda ake shafa wa fuska biyu ne a jira ya sha iska kafin a haɗa, amma mai jure zafi, wanda muke manna silin ɗin mota da shi. Na shafa siriri a mahon da cikin rumfar. A ƙa'ida ana jiran minti 10 zuwa 15, amma a Kano cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin ka juya ya bushe, shi ya sa muka yi da safe a cikin inuwa. Ana gane ya isa idan ka taɓa da bayan yatsa ya yi danƙo amma bai biyo ka ba. Yaron ya riƙe ɗan faffaɗan katako daga waje, ni kuma daga ciki na ɗora mahon daga tsakiya zuwa gefe, na bi da kwalba ina murzawa da ƙarfi don fitar da iska.

Da yawa a nan suke tsayawa, kuma a ƙasar da ba ta da rana irin tamu mai yiwuwa ya isa. Baƙar rumfa a tsakar rana tana zafin da ba ka iya barin hannunka a kai, kuma duk gam yana laushi a irin wannan zafi. Wurin kuma wurin ja ne. Don haka gam a wurina riƙo ne da toshiya, ɗinki ne ke ɗaukar nauyi. Zaren ma sai an zaɓa. Na auduga yana ruɓewa, nailon yana da ƙarfi ranar farko amma rana tana cinye shi. Na yi amfani da zaren foliyesta mai kauri wanda aka yi don aikin waje, irin na ɗinkin tanti. Da lanƙwasasshiyar allura na bi yagewar, ina shiga ta wannan baki ina fita ta wancan, kowane taku yana ratsa mahon da ke ƙasa. Tsakanin huji da huji na bar kamar kwatan inci. Idan ka matse su kusa da kusa ka yi wa yadin layin hujin da ake yi wa takardar rasit don ta yi sauƙin yagewa. Ban kuma ɗame zaren don in tilasta wa bakin haɗuwa ba, na bar tazarar yadda take. Ɗinkin inci biyar ya ɗauke ni fiye da awa biyu, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, wuya a karkace.

Saboda wannan tazarar dole a rufe daga waje ma, kuma a kan wannan muka ɗan ja da Alhaji. Ya ce, "Malam, motar biki ce fa. Wa zai biya kuɗi ya hau mota mai maho?" Gaskiyarsa. Na ce ya ba ni dama. Na yanka falle mai siffar ganyen mangwaro, mai bin lanƙwasar kusurwar, na kalmashe bakinsa a kan keke da layi biyu masu kyau, sannan na yanka ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren daidai wa daida. Muka manna su muka ɗinke gefensu da hannu, hagu da dama a mazauni ɗaya. Na dama ya rufe wurin da ya fara sheƙi, ya zame masa kariya. Wanda bai san motar ba zai ɗauka haka aka ƙera ta.

Kowane hujin allura ƙofar ruwa ce, don haka na bi duk ɗinkin daga ciki da gam mai laushi wanda ake toshe ɗinkin tanti da shi, irin wanda ko ya bushe yana lanƙwasuwa. Silikon ban yarda da shi a nan ba, domin inda ya taɓa babu abin da zai sake kamawa, kuma wata rana wani zai so ya gyara bayana. Sannan muka koma kan asalin ciwon. Na ɗinka sababbin maɗaurai na lastik mai faɗi a ɓangarorin biyu, na auna tsawonsu da na daman da bai gama sakewa ba na ɗan rage. Kan notin muka goge tsatsar, na lulluɓe shi da guntun fata mai laushi. Muka kulle sakata, muka bar ta a rufe cikin inuwa kwana biyu ba wanda ya taɓa maɓallin.

Rana ta huɗu muka yi gwaji. Na farko naɗewa, a hankali, ina tsaye a gefe ina kallon gaɓar. Maɗaurin ya janye yadin ya kauce, ƙarfen ya rufe a kan iska. Muka yi sau biyar. Na biyu ruwa. Yaron ya shiga ciki da tocila, ni kuma na riƙe tiyo ba tare da matse bakinsa ba, na fara daga ƙasa ina hawa, domin idan ka fara daga sama ruwan zai gangaro ko'ina ba za ka san ta inda ya shiga ba. Mahon bai ɗiga ba. Amma bayan minti kaɗan yaron ya ce kafet ɗin bayan kujera yana jiƙewa. Ruwan da ke gangarowa daga rumfa yana taruwa ne a wata kwata da ke kewaye da gindinta, ya bi ƙananan magudanai ya fita ta ƙarƙashin mota. Ƙurar hunturu da guntayen ribon sun toshe su, sun zama laka. Da damina ta same ta a haka, da mahona za a zarga. Muka zura siririyar waya mai laushi muka bi da ruwa har ya fito da tsabta ta ƙasa. Da ta bushe sarai muka fesa wa rumfar duka maganin hana ruwa kama yadi, muka rufe fenti da gilashi da jarida kafin nan.

Na ce wa direban a gaban maigidansa: ba fil, ba zama a kai, ba Omo, kada a naɗe ta tana jiƙe ko motar tana tafiya, kuma a sama mata inuwa ko mayafi. Alhaji ya ce zancen hana abokan ango zama shi ne mai wuya. Na ce a gaya musu kuɗin sabuwar rumfa kafin a ba su mukulli.

Motar ta dawo a ƙarshen Agusta, bayan ta sha ruwan da ya fi kowane yawa a shekara. Ɗinkin yana nan, ciki a bushe. Bakin mahon waje na hagu ya ɗan ɗago ta ƙasa kamar faɗin farce, na sa masa taku huɗu. Fallen BMW ɗin har yanzu ya fi jikin rumfar baƙi, wanda ya matso kusa zai gani. Abin da ya fi damuna ban same shi a kusurwar ba. Ina zagaya motar na danna gefen gilashin baya ta sama, na ji ya ɗan motsa, mannin da ke tsakaninsa da yadin ya fara saki kamar tsawon inci uku. Wannan ba aikin allura ba ne. Na nuna wa Alhaji, na ce ya fara tambayar kuɗin sabuwa tun yanzu, ya yi odar ta iso kafin bazara mai zuwa. Ya ɗauki hoton lambar jikin motar da wayarsa ya tura wa ɗansa da ke karatu a waje, ya ce ya bincika masa.